Kana Karantawa Kana Fahimta, Amma Baki Ya Ƙi: Yadda Za Ka Saki Harshenka a Turanci



Akwai wata matsala da ta zama ruwan dare tsakanin ɗalibanmu, tun daga 'yan sakandare har waɗanda suka gama jami'a suna jiran bautar ƙasa. Mutum zai karanta littafi da Turanci ya fahimta, ya rubuta amsar jarrabawa shafi huɗu ya samu maki mai kyau, amma ranar da aka ce ya tashi gaban aji ya yi bayanin minti biyu, ko aka kira shi intabiyu, sai baki ya ƙi. Kalmomin suna nan a ka, amma kafin su sauko kan harshe an wuce wurin. In kana cikin wannan sahu, ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa, to mu warware abin daga tushe, kuma da nahawun Hausa za mu warware shi, don a nan bakin zaren yake.

Sanin harshe daban, saurin amfani da shi daban. Mai rubutu yana da lokaci, zai tsaya ya yi tunani, ya goge, ya sake. Mai magana kuwa dole ya zaɓi kalma, ya gina jimla, ya furta, yana kuma sauraron kansa, duk a cikin ƙiftawar ido. In kana magana da Hausa ba ka taɓa tsayawa ka ce "shin motar zan ce ko motan?" Bakinka ne yake yanke hukunci, don ya yi abin sau ba adadi tun kana goye. Turancin makaranta kuwa ido da hannu ne suka koye shi, baki yana gefe yana kallo. Yi lissafi da kanka: aji mai mutum 80, darasi na minti 40, ko da malam bai ce uffan ba aka raba lokacin daidai, rabin minti kowa zai samu. Hatta sashen furuci na jarrabawar WAEC a Najeriya ba da baki ake amsa shi ba, zaɓi kawai kake yi, A ko B ko C. Ka ga sai mutum ya cinye shi tas alhali bai buɗe baki ba.

Wani zai ce ai yawan sauraro ya isa, ka dinga kallon finafinai kawai, magana za ta zo da kanta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma masanin harshe Stephen Krashen ya shahara da ra'ayin cewa ana samun harshe ne ta hanyar ji da karanta abin da mutum yake iya fahimta. Sai dai Merrill Swain ta duba yara masu jin Turanci a Kanada da suka yi shekaru ana koyar da su darussa da Faransanci. Fahimtarsu ta yi ƙarfi ƙwarai, amma in suka zo magana ko rubutu sai a ga giɓi. A 1985 ta kawo bayanin cewa sai an tura mutum ya yi magana da kansa sannan yake gane inda ya gaza, ya nemi abin cikewa. Wato kunne yana tara kaya, amma baki sai an horar da shi daban.

To yanzu ga babban abin da yake jawo inda-inda: fassara a zuci. Ka gina jimla da Hausa, ka juya ta kalma bayan kalma, sannan ka furta. Aiki biyu ke nan a lokacin aiki ɗaya. Kuma harsunan biyu ba gini ɗaya gare su ba.

Duba lokutan aikatau. A Hausa aikatau ba ya ɗauke da lokaci, ɗan abin da ke gabansa ne yake ɗauka: na tafi, zan tafi, nakan tafi, in tafi. "Tafi" yana nan yadda yake. Turanci kuwa jikin aikatau yake taɓawa: "go, goes, went, gone". Shi ya sa Bahaushe cikin sauri zai ce "yesterday I go", don a tsarin da ya saba ya riga ya sauke nauyin lokaci kafin ya iso aikatau. Haka kuma a Hausa ko an ambaci suna sai an biyo shi da wakilinsa: Audu ya tafi, Binta ta dawo. Mai fassara sai ya ce "Audu he went". "Ina da mota" ta koma "I am having a car", saboda "ina" a kanmu tana tafiya da "am" da "-ing".

Sai kalmomin nan masu faɗin ciki. "Ji" a Hausa tana ɗaukar jin sauti, jin wari, jin zafi, jin yare. Turanci ya raba su: "hear, smell, feel, understand". "Sha" tana ɗaukar ruwa, magani, taba, rake, har wahala, amma Bature "take medicine" yake cewa, "smoke a cigarette" yake cewa. Wani misalin mai daɗi ga masu son nahawu shi ne "ara" da "koya". Ka ce "na ari littafi", ka ce "ara mini littafi". Ka ce "na koyi ɗinki", ka ce "koya mini ɗinki". Saiwa ɗaya ce take aiki biyu, ɗafi da karin sauti da "mini" ne suke nuna inda abin ya dosa. Turanci kalmomi biyu ya ware wa kowanne: "borrow" da "lend", "learn" da "teach". Daga nan "borrow me your pen" ta samo ƙarfi a bakinmu.

Wanda ya fi haɗari, don yana iya juya ma'ana gaba ɗaya, shi ne amsa tambayar korewa. In aka ce maka "ba ka ga Audu ba?" za ka ce "e, ban gan shi ba." Da "e" kake gaskata mai tambaya. A Turanci amsa tana bin abin da ya faru ne. "Didn't you see Audu?" In ba ka gan shi ba, "no, I didn't" za ka ce. Ka ce "yes" ka yi shiru, Bature zai ɗauka ka gan shi. Ka yi tunanin wannan a gaban likita ko jami'in biza.

Amma fa kada ka ɗauka Hausa cikas kawai take kawowa. Yarbanci da Ibo ba sa bambanta namiji da mace a wakilin suna, mu kuwa muna da "shi" da "ita", har ma "kai" da "ke" waɗanda Turanci ba shi da su. Don haka "he" da "she" ba sa ba Bahaushe wahala. Inda yake tuntuɓe shi ne "it", tunda a wurinmu mota mace ce, gida namiji.

Mene ne maganin fassarar nan? Ka daina tara kalmomi ɗaiɗai, ka koma tara guntayen magana da suke tafiya tare. Ai haka kake yi a Hausa ba ka sani ba. "Allah ya kiyaye hanya", "ba don komai ba sai don", "in ka ga dama", "abin da nake nufi shi ne": ba wanda yake gina waɗannan daga farko, a dunƙule suke fitowa. Masu Turanci ma haka, kaso mai yawa na hirarsu dunƙulallun maganganu ne: "would you mind if", "as far as I know", "it depends on", "I was about to", "to be honest". In ka haddace "would you mind if I" a matsayin abu guda, ka huta da tunanin kalma biyar, hankalinka ya tafi kan abin da zai biyo baya. Saboda haka in ka tsinci sabuwar kalma kada ka rubuta ta ita kaɗai a littafinka. Rubuta ta da abokan tafiyarta. "Decision" kaɗai ba ta da amfani sosai, "make a decision" ce za ta cece ka a tsakiyar magana.

Kuma don Allah a rage farautar manyan kalmomi. Muna da wata al'ada ta ganin wanda ya fi jefa kalmomi masu gaɓa biyar shi ya fi iya Turanci. A 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma irin waɗannan ne suke ɗauke da mafi yawan hirar yau da kullum. Muryar Amurka ta fara wani shiri a 1959 da take karanta labaran duniya a hankali da kalmomi kusan 1,500 kacal, siyasa da kimiyya da komai. Wanda ya iya juya "get, take, put, make, come" da 'yan rakiyarsu, irin su "get over, put off, come up with", ya fi mai ƙamus a ka sakin baki.

Mu zo kan furuci, inda aka fi yi mana dariya. In kana son sanin inda bakin Bahaushe yake karkata, kalmomin aro sun gama tona asiri. Fasinja, fenti, famfo, fakiti: duk da "p" suka zo, muka mayar da ita "f". Direba, bidiyo, talabijin: "v" ta koma "b". Dalili kuwa Hausa ba ta bambanta ma'ana da "p" da "f". Sauti ɗaya ne a wurinmu, da leɓɓa biyu ake yin sa, wani ya furta shi kusa da "p", wani kusa da "f", Basakkwace ya ce "hwara", wani ya ce fuɗu wani ya ce huɗu, duk an fahimci juna. A Turanci kuwa "pan" da "fan", "pull" da "full", "copy" da "coffee" kalmomi ne daban-daban.

Gyaran ba shi da wuya in ka san abin da gaɓoɓin furuci suke yi. Ɗauki madubi. A "p" leɓɓa biyu suna rufewa ruf, sannan su fashe da iska. Riƙe takarda a gaban bakinka, za ka ga ta motsa. A "f" haƙoran sama ne suke sauka kan leɓen ƙasa, iska tana zirarawa, kuma kana iya jan ta yadda kake so. In ba ka ga haƙoranka a madubi ba, ba "f" ɗin Turanci ka yi ba. "V" kuwa zaman bakinta ɗaya da "f", sai dai maƙogwaro yana kaɗawa. Ɗora yatsa a wuya za ka ji. Ka ƙirƙiri jimlolinka na gwaji, irin "please pay for five full cups of coffee", ka fara a hankali.

Sautin "th" kuma, wanda muke mayarwa "s" da "z", har "think" ta koma "sink", duk wanda ya yi karatun tajwidi yana da shi a baki. Na "think" shi ne ث, na "this" shi ne ذ. Tsinin harshe tsakanin haƙora, shi ke nan. Amma kada ka kashe ƙarfinka a kansa. Jennifer Jenkins, a binciken da ta wallafa a 2000 kan hirar mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, ta nuna cewa sauya "th" bai cika hana fahimta ba. Abubuwan da suka fi rikita mai sauraro su ne sauran baƙaƙe irin "p" da "f", da tsawon wasali, da baƙaƙen da suke haɗuwa a farkon kalma, da inda aka ɗora nauyi a jimla. In lokacinka kaɗan ne, ka san inda za ka zuba shi.

Batun baƙaƙe masu haɗuwa ma tsarin gaɓar Hausa ne. Gaɓarmu iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ma fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa muke cusa wasali: burodi, buroshi, birki, firamare, gilashi, sitiyari. Muna kuma son rufe kalma da wasali: banki, kotu, benci, kati. A Hausa wannan daidai ne, haka kalmomin suke, kada wani ya ce maka kuskure ne. Amma in ka ɗauko tsarin ka kai Turanci, "street" mai gaɓa ɗaya ta zama uku. Dabarar ita ce ka gina kalmar daga baya: "reet", "treet", sannan ka ja "s" kamar kukan maciji ka faɗa kan "treet" ba tare da ka buɗe baki a tsakani ba.

A wasula kuwa kana da jari. Hausa tana da wasula biyar, kowanne gajere da dogo, ga "ai" da "au". Turancin Ingila yana da sautukan wasali wajen 20. Kunnen da ya saba raba "gari" na zama da "gari" na tuwo ba zai sha wuya da "ship" da "sheep" ko "full" da "fool" ba. Kuma gajeren "a" namu yana kusa da wasalin "cup" da "bus", wanda yake wahalar da wasu maƙwabtanmu.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne kiɗan harshen. Hausa harshe ne mai karin sauti: wuya ta jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne suke raba su, kuma kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta. Turanci ba ya wannan adalcin. Yana danna gaɓa ɗaya da ƙarfi, ya murƙushe na kusa da ita. "Comfortable" da "vegetable" gaɓa uku-uku suke fita a bakin masu harshen, "Wednesday" biyu. "PHOtograph" nauyi a farko, "phoTOgrapher" ya matsa gaɓa ta biyu. Ƙananan kalmomi irin "to, of, for, and, can" kusan haɗiye su ake yi. In ka ba kowace cikakken ƙarfi, maganarka za ta yi tsawo, numfashi ya ƙare maka a tsakiyar jimla, ka ga kamar ba ka iya ba, alhali aikin da ba a sa ka ba kake yi. Haka "I'm, don't, I've, we'll": ba lalaci ba ne, su ne maganar baka ta asali.

Ga wani abin lura. In Bahaushe zai jaddada abu, yana da "ne" da "ce": Audu ne ya ɗauka. Yana da "dai, fa, kam, ma, kuwa". Turanci sau da yawa murya kawai yake ɗagawa: "AUDU took it", ko "Audu TOOK it". Mai neman fassarar "fa" zai daɗe yana nema.

Yaya za a shigar da wannan kiɗa a baki? Da hanyar da ka sani tun makarantar allo: malam ya biya, ka maimaita da ƙarfi. Samo sauti gajere, minti ɗaya ya isa, wanda yake da rubutunsa, kamar shirye-shiryen koyon Turanci na BBC. Saurara sau biyu kana duba rubutun. Sannan ka dinga tsayar da shi jimla-jimla kana maimaitawa. A ƙarshe ka bi mai maganar a guje, yana faɗa kana faɗa a bayansa kamar inuwa, kana kwaikwayon inda ya ɗaga, inda ya sauke, inda ya numfasa. Ka riƙe guntu ɗaya kwana uku ko huɗu kafin ka sauya. Da ƙarfi fa, ba a zuci ba. Karatun zuci ba ya motsa harshe.

Hanya ta biyu ana kiranta 4/3/2. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan ya gwada ta, ya yi rubutu a kanta a 1989. Za ka zaɓi abin da ka sani sarai, misali yadda ake shagalin sallah a garinku ko yadda ake dafa dambu. Ka ba wani labarin cikin minti huɗu, ka sake ba mutum na biyu cikin minti uku, na uku cikin minti biyu. A zagayen farko kana laluben abin faɗa da kalmomin faɗarsa. A na biyu an riga an samo su. A na uku sai gudu. Abin da aka gani shi ne sauri yana ƙaruwa, tsaye-tsaye suna raguwa. In ba ka da mutum uku, wayarka ta isa, ka ɗauki muryarka sau uku. Sharaɗin dai kada ka rubuta ka karanta, kuma kada ka zaɓi batun da ko da Hausa ma sai ka yi kame-kame.

In kalma ta ɓace maka a tsakiyar magana fa? Ai a Hausa ma tana ɓace maka, sai ka ce "wato", "ka gane", "abin nan", ka wuce ba wanda ya lura. Ka tanadi irinsu na Turanci: "well", "I mean", "let me think", "how do I put it". Ka kuma koyi zagaye: ka manta sunan abu, ka ce "the thing you use for" ka bayyana aikinsa. Jarrabawar IELTS, wadda masu neman karatu a waje suke yi, hirarta minti 11 zuwa 14 ce, kuma abu huɗu ake aunawa daidai wa daida: sakin baki da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Nahawu kashi ɗaya ne cikin huɗu. Wanda yake tsayawa kowace jimla yana gyara "is" da "was" yana zubar da wani kason don ya tsare wani.

Saura tsoro, kuma a ganina shi ne rabin ciwon. Mun iya yi wa juna dariya. Yaro ya kwaɓa Turanci a aji a yi ta tsokanarsa har ya gama makaranta, in kuma ya gyara furucinsa a ce iyayi yake yi, ya zama Bature. Tsakanin waɗannan biyun sai ya zaɓi shiru. Wasu makarantun kuma suna cin tarar mai yin Hausa, abin da yake koya wa yaro jin kunyar harshensa ba tare da ya ƙara masa Turanci ko kalma ɗaya ba. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne da ya yi Kwalejin Katsina, shi ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa, kuma shi ne aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya saboda Turancinsa. Nemi jawabinsa na samun 'yancin kai na 1960 ka saurara. Ba ya sauri ko kaɗan. Yana tsayawa, amma a ƙarshen ma'ana yake tsayawa, ba a tsakiyarta ba. Sakin baki ke nan, ba ruwansa da gaggawa ko maƙale murya a hanci. Karin harshenka na ɗan Arewa ba laifi ba ne muddin ana gane ka. Ƙamus ɗin Oxford ma a Janairun 2020 ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da Kannywood.

Ka samu aboki ɗaya ko biyu da ba sa dariyar ƙeta, ku yanke minti 15 kullum na Turanci zalla, ko ido da ido ko ta saƙon murya a WhatsApp. Ku yi yarjejeniya: ba a katse mai magana don gyara. A bari ya gama, sannan a faɗa masa kuskure biyu kawai, waɗanda suka fi maimaituwa. In aka jero masa goma, gobe ba zai zo ba. Muryar da ka ɗauka a rana ta farko kuma kada ka goge ta, ko da ba ka son jin ta. Bayan wata guda ka sake magana a kan batun nan dai na minti biyu, ka saurari biyun a jere, ka ƙirga sau nawa ka tsaya a tsakiyar jimla a kowanne.